Gudun Asabar a Hanyar Miri

Har gobe ban manta da Asabar ɗin da Mista Ɗanladi ya kasa cewa "ranka ya daɗe" ba, kuma ba na jin zan manta da ita ko na yi ritaya na koma kiwon awaki. Tunda ku sababbin jami'an wasanni kun ishe ni da tambayar da ake isar kowane koci da ita, wato gudu nawa mutum zai yi tumbinsa ya sauka, to ku gyara zama. Zan ba ku amsar, amma a cikin labari za ku tsince ta.

A lokacin ina mataki na tara, kuma ni kaɗai ne jami'in wasanni a hukumarmu a nan Bauchi. Ga wanda bai san aikin gwamnati ba, mataki na tara yana nufin an ba ka tebur amma ba a ba ka fanka ba. Ofishina yana bayan sito, daga ni sai usur, sai ƙwallaye biyu da iskarsu ta fice tun kafin a ɗauke ni aiki. Sunana Bala, amma daga masinja har Shugaba babu mai kira na da shi, Koci kowa yake cewa. Aikina shi ne haɗa 'yan ƙwallo in gasar ma'aikatu ta zo, sai kuma tattakin motsa jiki da muke yi a ƙarshen kowane wata.

Tattakin nan yana da ƙa'idar da ba a rubuta a ko'ina ba, amma ta fi duk dokokin da aka rubuta ƙarfi. Ana jerawa ne bisa muƙami. Shugaba a gaba, daraktoci a bayansa, sai mataimakansu, haka har a kai ga masu shara a can wutsiya. Ba a wuce na gaba, kuma ba a tsayawa sai na gaba ya tsaya. A zamanin tsohon Shugaba abin bai dami kowa ba, domin dattijo ne mai tafiyar ƙasaita. Haka za mu bi shi a hankali kamar masu rakiyar amarya, muna waƙa, samarin da ke buga mana ƙwallo suna can baya suna hamma. Mu zagaya, mu ƙare a wurin mai masa, kowa ya kama gabansa. Babu wanda ya ragu, babu kuma wanda ya ji ciwo.

Sai aka sauya mana Shugaba, aka kawo Alhaji Lamara. Bai daɗe da kama aiki ba ya je Abuja aka duba lafiyarsa, likita ya ce masa kitse ya yi yawa. Yana dawowa, a farkon watan Maris, ya aiko a kira ni. Ranar na fara taka kafet ɗin bene, inda ofishin Shugaba yake.

"Koci, an ce kai ne masanin harkar nan."

"Ranka ya daɗe, ana taɓawa."

Ya tallabo cikinsa da hannu biyu ya ce, "To, gudu nawa wannan yake buƙata?"

Na gyara tsayuwa na yi masa bayani yadda aka koya mini. Na ce abin da ake so shi ne motsin da zai sa zuciya ta ƙara bugu, numfashi ya ɗan hau, irin su tafiya da sauri, sassarfa ko tuƙa keke. In don lafiya ne, rabin awa a rana, kwana biyar a mako, ya wadatar. Ma'auninsa kuma a bakin mutum yake: ka iya magana, amma ka kasa rera waƙa. In kana waƙa, yawo kake yi. In kuma ba ka iya haɗa kalma uku, ka zarce, sai ka sassauta. Wanda yake son ya rage ƙiba zai riƙa ƙarawa a hankali har ya doshi awa guda, ya ɗan riƙa ɗaga abu mai nauyi sau biyu a mako don kada naman jikinsa ya tafi tare da kitsen. Amma babban aikin, na ce masa, a cikin kwano yake. Abin da mutum zai ƙona da gudun da zai galabaitar da shi, farantin masa ɗaya da lemon kwalba sun mayar masa da shi har da gyara.

Ya yi dariya har kujera tana girgiza.

"Rabin awa? Haba Koci! Rabin awa ai na masinja ne. Mutum mai matakina a ce masa rabin awa? Kuma wa yake da lokacin fitowa har kwana biyar? A tattara su wuri ɗaya ranar Asabar, a ƙara musu wani abu a kai, a yi a gama. Batun abinci kuwa ban kira ka a kansa ba, wannan sashen uwargida ne."

Na ce, "Ranka ya daɗe, wanda jikinsa ya saba zai iya haɗawa. Amma mutanen nan wasu rabon su da gudu tun firamare, ga kuma zafi ya shigo."

Kafin in rufe baki ya ɗauki waya. A aikinmu in Oga ya ɗauki waya, taro ya tashi ke nan.

Ranar Litinin sanarwa ta fito a allo. Daga yanzu kowace Asabar, daga ƙofar ofis zuwa Miri, can bayan gari, a dawo, kuma gudu ne ba tattaki ba. Za a yi la'akari da halarta wajen ƙarin girma. A can ƙasa aka rubuta cewa an yi haka ne bisa shawarar jami'in wasanni. Wallahi na tsaya ina karanta layin nan ina neman wani jami'in wasannin da ban sani ba.

To, a daidai wannan lokaci kujerar Daraktan Mulki babu mai ita, kuma mataimakan darakta biyu ne suke kallon ta. Na farko shi ne Mista Ɗanladi, mutumin kudancin jihar nan, daga wajen Bogoro. Shi yake riƙon kujerar. Riƙo a aikin gwamnati yana nufin kai za ka yi aikin, kai za ka sha zagin, amma in za ka sa hannu sai ka rubuta "a madadin", kuma sunan da ke jikin ƙofa ba naka ba ne. Shekara guda da 'yan watanni suka rage masa ya yi ritaya. In an tabbatar masa da kujerar, zai sauka yana Darakta, a yi masa fansho na Darakta, a garinsu a kira shi Darakta har ya koma ga Allah. In ba a tabbatar ba, shi ke nan, mataimaki zai mutu. Mutum ne mai jiki sosai, ya doshi sittin, yana da hawan jini, ƙwayoyinsa kullum suna aljihun gaba. Ba shi da hayaniya, kuma fayil ba ya kwana a teburinsa.

Na biyu shi ne Alhaji Bappa, ɗan Ƙofar Dumi a nan cikin gari. Shi wannan ban taɓa jin an ce ya karanta fayil har ƙarshe ba, amma in Shugaba ya yi atishawa a bene, shi ne farkon wanda zai ce "yarhamukallah" daga ƙasa.

Asabar ta farko aka ce a hallara bayan sallar asuba, muka hallara. Amma ba a farawa sai Shugaba ya zo, shi kuwa bai iso ba sai da rana ta ɗaga sosai. Ya fito daga jif cikin kayan motsa jiki sababbi fil, aka yi hotuna, na busa usur. Ya yi gudu daga ƙofar ofis zuwa shataletalen farko, sai ya dafe gwiwa ya yafito direba. Daga ranar ya koma sa ido daga cikin mota. Kada ku ɗauka hutawa yake yi, a'a. Leda yake naɗewa a ciki a ƙarƙashin riga, ya sa direba ya kashe esi, wato na'urar sanyaya mota, ya zauna a baya yana tsiyayar da gumi.

Na taɓa ce masa, "Ranka ya daɗe, gumi fa ruwa ne. Kana shan ruwa zai dawo."

Ya ce, "To ruwan daga ina yake fitowa in ba daga kitsen ba? Kai Koci, wani lokacin sai in riƙa mamakin makarantar da ka yi."

Tunda ba a wuce Shugaba, kuma Shugaba yana cikin mota, sai motar ta zama ita ce Shugaba. Saurinmu ya koma hannun ƙafar direba. In ya taka, mu taka. In ya shagala da waya ya sassauta, mu ce alhamdu lillahi. Alhaji Bappa kuwa tun a mako na biyu ya kawo shawarar cewa irin wannan gagarumin shiri bai kamata a bar shi babu kwamitin ruwa da tawul ba. Aka kafa kwamiti, aka ba shi shugabanci, kuma da yake kular, wato akwatin ruwan sanyin, a cikin jif take, dole shugaban kwamiti ya zauna a gaba kusa da ita. Kwamitin ne kuma yake tanadar masa da lemo in an dawo, don a mayar da ƙarfi. Cikin 'yan makonni wandunan wasu suka fara matse su, suna cewa tsoka ce take fitowa.

Mista Ɗanladi ya zaɓi wurinsa daidai tagar baya ta jif, inda Shugaba zai leƙo ya gan shi. Shi kuma Shugaba yana son hirar aiki a hanya. Sai ya sauke gilashi ya ce, "Ɗanladi, ina fayil ɗin motocin nan?" Sai ka ji, "Ranka... ya daɗe... yana... tebur." Ni da nake sintiri a gefen layi, domin koci kaɗai aka yarda ya wuce kowa, in na ji haka sai in san ya zarce ma'auni.

Wata Litinin na same shi a ofis, ya ɗora ƙafa a kan kwandon shara.

Na ce, "Yallaɓai, don Allah ka koma baya ka riƙa tafiya. Ko ka ce gwiwa ce ta dame ka."

Ya ce, "Koci, gwiwa ta Shugaba ce, an riga an ɗauka. Bappa yana cikin mota yana zuba masa ruwa yana zuba masa magana. Ni ba ni da kula, ba ni da baki. Abin da nake da shi ke nan, ya leƙo ya gan ni."

"Yallaɓai, da hawan jini fa kake wannan abu, a cikin wannan rana."

"Na sani. 'Yan watanni ne, a yi tantancewa a gama. Shekara talatin da wani abu ina jiran wannan ƙofa, ba zan zauna a inuwa a ba wani ba."

A makon ne matarsa, Madam Saratu, malamar firamare a Yalwa, ta neme ni har bayan sito. Ko zama ba ta yi ba.

"Kai ne Kocin da ya ba da shawarar?"

Na ce, "Madam, wallahi sunana kawai aka ara."

Ta ce, "Ran Lahadi ko majami'a ba ya iya zuwa, sai na gasa masa ƙafafu da ruwan zafi. In ya dawo daga gudun naku kuma tuwon mutum uku yake cinyewa, wai ya ƙona. Ga shi nan ko ɗigo bai ragu ba, sai haki da ya ƙaru. In kuka kashe mini miji, gawar a ofishin nan zan ajiye muku."

Na koma wurin Shugaba na roƙa a riƙa farawa da wuri, a kuma bar masu shekaru su yi tafiya. Ya ce zai duba. A aikinmu "zan duba" ƙanwar "a'a" ce, sai dai ta fi ta ladabi.

Ranar da abin ya faru a cikin Afrilu ne, lokacin da zafin Bauchi yake kan ganiyarsa. Shugaba ya makara fiye da kullum. Muka kai Miri muka juyo, kwalta tana tururi, babu ko iska. Na zo wucewa ta gefen jif sai na ga fuskar Mista Ɗanladi ta sauya, ƙafafunsa suna harɗewa, bakinsa a buɗe. Daidai nan Shugaba ya sauke gilashi.

"Ɗanladi, ya ake ciki?"

Mista Ɗanladi ya ci gaba da jan ƙafa.

"Ɗanladi, da kai fa nake."

Ya juyo ya dubi Shugaba, leɓensa yana motsi, amma ko "ran" ba ta fito ba. Mutumin da ko a waya yake magana da na gaba da shi sai ya miƙe tsaye, yau shi ne ya kasa amsa wa Shugaba. Na busa usur da duk ƙarfina a tsaya. Babu wanda ya tsaya, don mota ba ta tsaya ba. Ya ƙara taku biyu ko uku, sai ya tafi gaba ɗaya ya zube a gefen titi.

Abin da na gani bayan nan shi ne har yau yake ba ni dariya da takaici a lokaci guda. Waɗanda suke bayansa duk ƙananansa ne a muƙami. Mataimakin darakta ko a kwance yake mataimakin darakta ne, ba a wuce shi. Mota kuma ba ta tsaya ba, don haka ba a tsayawa. Sai suka tsaya a wuri ɗaya suna ta gudu a tsaye, manyan mutane da gemunsu, suna ɗaga gwiwa suna kallon juna. Mata biyu masu shara ne suka keto daga can wutsiya, suka kama mini shi muka ja shi inuwar wani mangwaro. Na nemi ruwa, ruwa yana cikin jif tare da kwamitinsa, jif kuwa ta yi gaba. Wata mata ce ta fito daga wani gida da bokiti, muka jiƙa masa kai da ƙirji, muna yi masa fifita da kwali.

Can sai ga jif ta dawo da baya. Shugaba ya leƙo ya ce, "Subhanallahi! A kai shi asibiti mana!"

Na ce, "Ranka ya daɗe, a sa shi a motar nan."

Alhaji Bappa ya yi caraf ya ce, "Koci, ka san abin da kake faɗa kuwa? Motar Shugaba ce fa. Kuma ga kula ta cinye wuri. Bari in kira a turo bas daga ofis."

Direban bas ɗin kuwa yana cikin masu gudu a tsaye, makullin yana aljihunsa. Ana cikin wannan sai wani mai akori-kura da ya ɗauko buhunan masara daga Miri ya taka birki. Ya leƙo ya dube mu ɗaya bayan ɗaya ya ce, "Ku wane irin mutane ne? Ku ɗora shi mu tafi!" Muka kwantar da shi a kan buhuna, na hau na riƙe masa kai. Mai akori-kura ya fizgi mota ya bar jif a baya. A tsawon aikin Mista Ɗanladi ranar ce kaɗai ya wuce Shugaba, kuma bai ma san ya yi ba.

A asibiti likita ya ce zafi ne da ƙarancin ruwa a jiki suka haɗu da hawan jini, kuma da ƙyar zuciyar ta sha. Aka ɗaura masa ruwa. Da ya farfaɗo, ni da Madam muna tsaye a kansa, abin da ya fara cewa shi ne, "Koci, Shugaba ya ji haushi ban amsa masa ba?" Madam ta ɗaga jakarta sama, sai da nas ta riƙe mata hannu.

A ofis aka dakatar da gudun Asabar har sai an sake nazari, aka kafa kwamitin nazarin, aka ba Alhaji Bappa shugabanci. Ni kuma aka ba ni kweri, wato takardar da ake tambayar ma'aikaci dalilin da zai hana a hukunta shi, tunda dai shawarata ce. Na amsa da ladabi, aka ce kada in sake.

Bayan ya gama hutun jinya, likita ya ba shi izinin motsa jiki a hankali, sai ga Mista Ɗanladi a bayan sito. Ya zauna a kan bencina ya ce, "Koci, abin nan da ka faɗa wa Shugaba ya yi dariya, faɗa mini shi."

Na faɗa masa, shi kuwa ya ɗauke shi yadda yake ɗaukar fayil. Kullum da yamma in rana ta yi sanyi, shi da Madam su sa kambas su zaga unguwarsu a Yalwa da sauri-sauri. Da 'yar kaɗan ya fara, har ya kai rabin awar, daga baya ya ɗan ɗara. Madam ce ma'auni. Takan ja shi da hira, in ya kasa amsawa su sassauta, in kuma ta ji ya fara rera waƙar majami'a sai ta ƙara sauri. Ya bar lemon kwalba, ya rage malmalar tuwo, ya ƙara ganye da wake, masa sai ranar Asabar kuma ba a cika faranti. Sau biyu a mako yana ɗaga jarkar ruwa a tsakar gida, yana zama yana tashi a kan kujera. Babu jif, babu hoto, babu kwamiti. Abu ne mai gundura, wallahi, kuma a makonnin farko kullum sai ya zo ya ce mini bai ga komai ba. Na ce ya ci gaba.

Kafin damina ta ɗauke sai da tela ya rage masa wanduna. Tumbin nan ya sauka, wuyansa ya fito, yana hawa bene ba ya kama ƙarfe, har likita ya rage masa magani. Ni kuwa in na hango shi sai in ji kamar ni aka yi wa ƙarin girma. A duk shekarun da na yi ina busa usur, shi ne mutum na farko a hukumar nan da ya ji maganata, kuma ga ta ta yi aiki kowa yana gani.

Ashe ganin ne matsalar. Sai gaisuwar da ake yi masa ta sauya.

"Sannu Yallaɓai, ya ƙarfin jiki?"

"Lafiyata ƙalau, ban taɓa jin daɗin jikina kamar yanzu ba."

"Haka ne, haka ne. Allah ya ƙara sauƙi."

Yana wucewa a girgiza kai. Wasu suka ce ciwon suga ne, wasu suka ce ƙoda, wasu suka rage murya suka ce irin ciwon nan ne da ba a faɗa. 'Yan rajista suka ce jifa ne, kuma sun san wanda ya yi. Wani direba har Zungur ya je ya karɓo masa saiwoyi a ƙulle a leda. Na bi ofis-ofis ina cewa jama'a, mutumin nan lafiya ya samu, tafiya yake yi, abinci ya rage. Sai a ce, "Allah sarki Koci, ai dole ka ce haka, tunda a hannunka ya faɗi."

Aka zo tantancewa. Yadda ake yi shi ne, dattawa uku suke zuwa daga waje su yi wa masu neman kujera tambayoyi, amma maganar Shugaba ita ce mai nauyi. Ban shiga ba, mataki na tara ba ya shiga irin wannan ɗaki, amma a hukumarmu magana ba ta kai la'asar ba ta sauko daga bene ba. Mista Ɗanladi ya shiga da kwat ɗinsa da aka rage, ya amsa duk abin da aka tambaye shi, har da wanda ba a tambaya ba. Alhaji Bappa ya shiga da babbar riga ta sha sitaci, sai da ya karkata kafin ƙofa ta ɗauke shi, aka yi ta raha da labarin mutanen da. Da suka fita, ɗaya daga cikin dattawan ya ce, "Wannan na farkon, anya zai kai ƙarshen shekara kuwa?" Shugaba ya yi ajiyar zuciya ya ce tun da ya faɗi bai dawo daidai ba, kullum ƙara zubewa yake yi, ko don tausayi bai kamata a ɗora masa nauyi ba. Dattijon ya ce, "Shi kuwa na biyun, kana ganin sa ka ga Darakta." Aka ba Alhaji Bappa.

Washegari na haɗu da Shugaba a tsakiyar matakala, ya riƙe ƙarfe yana mayar da numfashi. Ya yafito ni.

"Koci, an ce kai ka ɗora Ɗanladi a kan rabin awar nan taka. Ka ga yadda ka tsotse bawan Allah? Allah ya so ni ban bi ta taka ba."

Na ce, "Ranka ya daɗe." Me mai mataki na tara zai ce? Amma na sauko raina yana tafasa, har na rasa inda zan sa kaina.

Da aka tashi aiki Mista Ɗanladi ya zo bayan sito. Ya riga ya kwashe kayansa daga ofishin da ya riƙe, ya mayar da su tsohon teburinsa. Ya zauna a benci.

Can ya ce, "Koci, tsakaninka da Allah. Da na bar tumbin nan, da sun ba ni?"

Na so in yi masa ƙarya, na kasa. Na ce, "Da sun ba ka, Yallaɓai."

Idonsa ya kawo ruwa, bai ɓoye ba. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai, ni ma ya yi mini. Ya ce, "Ni fa ban san ko in gode maka ko in zage ka ba."

Na ce, "Yi duka biyun, Yallaɓai, na ɗauka."

Sai ga Madam a bakin ƙofa, ta biyo masa daga makaranta da kambas ɗinsa a leda. Ta ce, "Baban Alheri, tashi, rana tana faɗuwa. Su riƙe kujerarsu." Ya share ido, ya miƙe tsaye ba tare da ya dafa gwiwa ba, suka fita.

To kun ji. Amsar tambayarku ita ce mai sauƙin, kuma duk an koya muku a makaranta: rabin awa mafi yawan kwanakin mako, a ƙara a hankali, a ɗan ɗaga nauyi, a kula da kwano, mai ciwo ya fara ganin likita. Abin da ba a koya muku ba shi ne mutanen da za ku faɗa wa. A ofisoshinmu an fi son a ga mutum yana gudu a kan ya samu lafiya, kuma wanda ya kira ka ka sauke masa tumbi, gobe shi ne zai miƙe tsaye don ya ga tumbin wani. Saboda haka ni yanzu duk wanda ya tambaye ni gudu nawa, nakan faɗa masa gaskiya, sannan in ƙara masa da cewa in abin ya yi aiki ya shirya karɓar sannu.

Mista Ɗanladi ya yi ritaya yana mataimakin darakta. A walimar sallamarsa Darakta Alhaji Bappa ne ya yi jawabi, a zaune, domin doguwar tsayuwa tana ba shi wuya. Ya yabi haƙurinsa, ya yabi aikinsa, sannan ya roƙi jama'a su ci gaba da sa shi a addu'a, Allah ya ba shi lafiya. Duk muka ce amin.